Tarihihi a Hannun Baƙi: Sharhi a kan Yadda Littattafai Biyu Suka Sarrafa Labarun Tsibirin Rapa Nui

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun daɗe da rarrabe tatsuniya da tarihihi. Ita tatsuniya, mai ba da ita da mai sauraronta duk sun san ƙaga ta aka yi, shi ya sa ake buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurungus. Shi kuwa tarihihi labari ne wanda al'umma ke riƙe da shi a kan cewa ya faru, yana ɗauke da sunayen mutane da na wurare, wani lokaci har da rijiya ko dutse ko kufai da za a nuna wa mai shakka. Wannan kama da yake yi da tarihi ita ce ƙarfinsa, ita ce kuma take jawo masa haɗari, domin baƙon da ya zo da ra'ayinsa a aljihu yana iya tsintar abin da ya yi masa daɗi a ciki, ya kira shi hujja, ya watsar da saura.

Wannan maƙala za ta duba yadda haka ta faru ga labarun wani ɗan tsibiri na Tekun Pasifik, wanda mutanensa ke kira Rapa Nui, Turawa kuma suke ce masa Tsibirin Ista. Littattafai biyu za a ɗora bisa ma'auni, domin suna cikin waɗanda suka fi tasiri wajen gina abin da duniya take zato game da wurin. Na farko shi ne Aku-Aku na Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, wanda ya fito a 1957. Na biyu shi ne babin da Jared Diamond, Ba'amurke, ya keɓe wa tsibirin a littafinsa mai suna Collapse na 2005. Tambayar da za a bi ita ce: daga bakin wa aka ji labarun nan, a wane hali yake lokacin da ya ba da su, kuma shin suna iya ɗaukar nauyin da marubutan suka aza musu? Maganar ta wuce gardamar malamai, domin a ƙarshenta ne ake yanke hukunci a kan ko kakannin mutanen tsibirin ne suka yi aikin da ya sa aka san su, da kuma ko su ne suka halaka kansu da hannunsu.

2.0 Tsibirin da Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Faɗin Rapa Nui bai wuce murabba'in kilomita 164 ba. Tsakaninsa da gaɓar ƙasar Chile akwai kilomita wajen 3,500, tsibiri mafi kusa da ke da mutane kuma, wato Pitcairn, yana nesa da shi da fiye da kilomita 2,000. Siffarsa mai kusurwa uku ce, kowace kusurwa da tsohon dutse mai aman wuta: Terevaka da Poike da Rano Kau. Abin da ya fito da sunansa shi ne mutum-mutumin dutse da ake kira moai, waɗanda yawansu ya kusa 900. Akasarinsu an sassaƙo su ne daga dutsen Rano Raraku, aka kai waɗansunsu bakin teku aka tsayar bisa dakalin duwatsu da ake ce wa ahu, fuskokinsu na kallon gari, bayansu na ga ruwa. Matsakaicin moai yakan kai mita 4 a tsaye, nauyinsa wajen tan 12.

Bature na farko da ya sauka shi ne Jacob Roggeveen, mutumin Holan, wanda ya hango tsibirin ranar Lahadin Ista, 5 ga Afrilu, 1722. Tun a saukar farko mutanensa suka buɗe wuta suka kashe mutum goma ko fiye. Mutanen Sifen sun zo a 1770, Kyaftin James Cook na Ingila a 1774, sai La Pérouse na Faransa a 1786.

Babbar masifa ta sauka ne a watan Disamba na 1862, lokacin da jiragen masu farautar bayi daga Peru suka dira. Cikin 'yan watanni sun kwashe mutum wajen 1,500, ciki har da sarki Kaimakoi da ɗansa Maurata, da mafi yawan masana da ke riƙe da salsalar zuriya da waƙoƙin ibada da karatun allunan itace masu rubutun da ake kira rongorongo. Da aka matsa wa Peru ta mayar da su a 1863, waɗanda suka iso gida da rai ba su wuce 15 ba, kuma da cutar agana suka sauko. Tarin fuka ya biyo baya. Masu wa'azin Kirista sun fara zama a 1864, wani Bafaranshe mai suna Dutrou-Bornier kuma ya mamaye filaye ya mai da su makiyayar tumaki, har a 1871 jama'a masu yawa suka yi ƙaura zuwa Tahiti da Mangareva. A 1877 mutum 111 ne kacal suka rage a tsibirin. Chile ta haɗe shi da ƙasarta a 1888, daga 1903 zuwa 1953 kuma kamfanin Williamson-Balfour ya riƙe shi yana kiwon tumaki, 'yan ƙasa na killace a ƙauyen Hanga Roa. Sai a 1966 aka ba su cikakken 'yancin zama 'yan ƙasar Chile.

Wajibi ne mai karatu ya riƙe waɗannan shekaru a zuciyarsa, domin kusan duk wani tarihihi na Rapa Nui da ke rubuce a yau an ɗauke shi ne bayan 1862.

3.0 Labarun da Ake Magana a Kansu

Labari na farko shi ne na kafuwar al'umma. An ce a wata ƙasa mai suna Hiva, wani mutum da ake kira Hau Maka ya yi mafarki kurwarsa ta yi tafiya bisa teku har ta iske wani tsibiri, ta zaga shi tana raɗa wa wurare suna. Sarki Hotu Matu'a ya aiki samari bakwai su gano wurin, sa'an nan shi da jama'arsa suka biyo cikin manyan jiragen ruwa biyu, da irin shuka da kaji, suka sauka a rairayin Anakena. Kafin ya rasu ya raba ƙasa tsakanin 'ya'yansa, daga gare su ne dangogin tsibirin suke jawo salsalarsu.

Labari na biyu, wanda shi ne ginshiƙin wannan sharhi, na yaƙin Hanau Eepe da Hanau Momoko ne, waɗanda littattafan Turawa suka fassara da Masu Dogon Kunne da Masu Gajeren Kunne. An ce Hanau Eepe sun umarci ɗaya ɓangaren da su tsince duwatsun da ke warwatse a ƙasa su zuba cikin teku, su kuwa suka ƙi. Sai Hanau Eepe suka koma tsaunin Poike, suka haƙa dogon rami ya raba su da sauran tsibirin, suka cika shi da itace da nufin gasa abokan gabarsu. Amma akwai wata mace 'yar Hanau Momoko da ke zaune a cikinsu, ita ta tona asiri, ta kuma yi wa danginta ishara da saƙar da take yi a bakin ramin. Danginta suka zagayo ta baya da dare, suka kora Hanau Eepe cikin ramin da suka haƙa da hannunsu, wuta ta cinye su. Mutum ɗaya aka bari da rai, sunansa Ororoine, ya yi aure ya hayayyafa.

Labari na uku gajere ne. Idan aka tambayi tsofaffi yadda aka kai moai daga maƙera zuwa bakin teku, sai su ce da ƙafarsu suka taka, da ikon wani ƙarfi na ɓoye da ake kira mana.

Ko ta fuskar adabi kawai aka duba, labari na biyu ya cika sharuɗɗan ƙagaggen zance mai kyau: mugu ya faɗa ramin muguntarsa, mace tsakanin miji da dangi ta zaɓi dangi, mutum ɗaya ya tsira don a sami mai jawo salsala. Irin waɗannan tubala ana samun su a adabin al'ummu da yawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa manazarci ya yi taka-tsantsan kafin ya mai da labarin rahoton yaƙi.

4.0 Su Wa Suka Faɗa, Su Wa Suka Rubuta

William Thomson, ma'ajin wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Mohican, ya tattara labaru a 1886 cikin ziyarar da ba ta kai mako biyu ba, ta bakin tafinta, Alexander Salmon, wanda asalinsa mutumin Tahiti ne. Katherine Routledge ta Ingila ta zauna daga 1914 zuwa 1915, ta kuma yi aiki mai inganci, amma tsofaffin da ta samu ƙalilan ne, waɗansunsu ma a zangon kutare ta iske su. Alfred Métraux ya zo a 1934, kuma babban mai ba shi labari shi ne Juan Tepano, wanda shi ne ya yi wa Routledge jagora shekaru ashirin kafin nan, an kuma haife shi ne bayan harin 'yan Peru. Sai Sebastian Englert, limamin Kirista Bajamushe, wanda ya zauna daga 1935 har rasuwarsa a 1969, ya ƙware a harshen ƙwarai.

Abubuwa uku ke fitowa daga wannan jeri. Na ɗaya, littattafan da ake ɗauka a matsayin shaidu daban-daban sau da yawa daga baki ɗaya ko gida ɗaya suka sha. Na biyu, ruwayoyin sun saɓa wa juna a muhimman wurare. Jerin sarakunan da Thomson ya rubuta ya kai 57, alhali waɗansu jerin ba su wuce 20 zuwa 30 ba. A ruwayarsa Hotu Matu'a daga gabas ya fito, a mafi yawan saura kuwa Hiva tana yamma. Haka nan ba a daidaita a kan ko Hanau Eepe tare da Hotu Matu'a suka zo ko daga baya ba. Na uku, masu ba da labarin mutane ne da suka ga al'ummarsu ta ragu daga dubbai zuwa ɗari da 'yan kai cikin shekara goma sha biyar, suka sauya addini, aka raba su da filayen dangoginsu. Wanda ya tashi cikin irin wannan hali, idan ya ba da labarin halaka da ƙonewa da mutum ɗaya da ya rage, tilas a tambaya wace halaka ce take yi masa gizo.

Akwai kuma matsalar fassara. Englert ya nuna cewa kalmar da ke nufin fatar kunne ita ce epe, ita kuwa eepe ma'anarta kakkaura, kamar yadda momoko ke nufin siriri mai tsini. Bisa ga haka sunayen na nufin Kakkauran Mutane da Siraran Mutane, babu kunne a ciki ko kaɗan. Daɗin daɗawa, mutanen Roggeveen a 1722 sun ga 'yan tsibirin da hudajjen kunne mai reto, mai zanen da ke tare da Cook ma ya zana su haka a 1774. Al'adar ja da kunne ke nan ta gama gari ce, tana nan kuma shekaru da dama bayan lokacin da aka ce an ƙone masu ita.

5.0 Aku-Aku: Neman Baƙon da Ya Yi Aikin

Heyerdahl ya iso Rapa Nui a 1955 da ra'ayin da ya riga ya kafe a kai. Tun 1947 ya ratsa teku daga Peru zuwa tsibiran Tuamotu cikin kwana 101 bisa gungumen itatuwa da aka ɗaure, wanda ya sa wa suna Kon-Tiki, don ya nuna cewa daga Amurka ta Kudu aka fara shiga Polinesiya. A Aku-Aku ya mai da Masu Dogon Kunne wata ƙabila mai hasken fata da jan gashi da ta zo daga Peru da gwanintar sassaƙa, Masu Gajeren Kunne kuma 'yan Polinesiya da suka zo daga baya suka yi musu ƙwadago, daga bisani suka hallaka su, fasaha ta mutu tare da su.

Ba za a hana littafin yabon da ya cancanta ba. Salonsa mai jan hankali ne, an tsara shi tamkar labarin mai bin sawun ɓarawo, kowane babi na ƙarewa da abin da zai sa a buɗe na gaba. Tawagarsa ce ta fara haƙa ta kimiyya mai zurfi a tsibirin, kuma ɗaya daga cikin masananta, William Mulloy, ya ba da sauran rayuwarsa ga gyaran ahu. Magajin gari Pedro Atan da mutum goma sha ɗaya sun tayar da wani moai a Anakena cikin kwana 18 da gungume da duwatsu kawai, abin da ya nuna aikin bai fi ƙarfin ɗan Adam ba. Irin itacen toromiro da Heyerdahl ya tsinta ya kai Turai yana cikin abin da ya hana wannan itace ɓacewa daga duniya.

Rauninsa yana wajen zaɓen hujja. Ya rungumi ruwayar Thomson da ta ce daga gabas aka zo, ya yi sakaci da masu cewa yamma. Ya riƙe fassarar kunne ko da yake Englert, wanda yake tare da shi a tsibirin, ya riga ya nuna kuskurenta. Da Carlyle Smith ya haƙa ramin Poike ya sami gawayin da awo ya ba shi shekara ta 1676, da ratar shekara ɗari gaba ko baya, sai aka haɗa shi da lissafin Englert, wanda ya ƙirga zuriyar Ororoine ya kai wajen 1680, aka ce kimiyya ta gaskata tarihihi. Amma gawayi shaidar wuta ne kawai. Ramin da aka ce ya cinye ƙabila guda, haƙar da aka yi a lokacin da wadda aka yi daga baya ba su fito da ƙasusuwan mutane ba, kuma an gane jerin ramuka ne masu tazara a tsakaninsu, waɗanda ba su yi kama da abin tsaro ba. Ginin Vinapu da ya kamanta da na Inka, fuskarsa ce kawai ta fallayen dutse, cikinsa tsakuwa ce aka zuba, saɓanin ginin Inka na dunƙulallen dutse. Harshen tsibirin na Polinesiya ta gabas ne tsantsa, har wani mutumin Bora Bora da ke cikin jirgin Cook ya iya fahimtar wani abu daga maganarsu. A 1994 Erika Hagelberg ta auna ƙwayoyin gado na tsofaffin ƙasusuwa 12 daga tsibirin, duka suka nuna asalin Polinesiya.

Gaskiyar da ke cikin zatonsa ita ce an taɓa haɗuwa. Dankali ɗan asalin Amurka ta Kudu ne, kuma ana nomansa a Polinesiya tun kafin zuwan Turawa. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Nature a 2024 ya nuna an yi cuɗanya da mutanen Amurka tsakanin 1250 da 1430. Sai dai haɗuwa daban, koyar da sassaƙa daban. Illar littafin ita ce ya zauna cikin mutanen da kakanninsu suka sassaƙa moai, ya ci abincinsu, ya sa su tayar masa da dutse, sa'an nan ya ba wani baƙo mai jan gashi ladan aikin. Wannan hanya ce Erich von Däniken ya bi a 1968 har ya kai ga cewa daga wata duniya masu sassaƙar suka sauko.

6.0 Collapse: Tsibiri a Matsayin Wa'azi

Diamond ya yi watsi da batun Peru, ya amince cewa 'yan Polinesiya ne suka yi aikin. Amma ya gaji shekarar 1680 daga waɗanda suka gabace shi, ya ɗora mata sabon gini. A nasa bayanin, mutane sun sauka wajen shekara ta 900, suka yawaita har suka kai 15,000 ko fiye, sarakuna suka shiga gasar tayar da moai, aka sare dazuzzuka don jan duwatsu, ƙasa ta zaizaye, jiragen kamun kifi suka ƙare, yunwa ta shigo, sai yaƙi da cin naman mutane da tunkuɗe moai, jama'a ta ruguje tun kafin Bature ya iso. Daga nan ya mai da tsibirin misalin duniya baki ɗaya, wadda ita ma ba ta da maƙwabcin da za ta gudu wurinsa.

Nufinsa na gargaɗi a kan ɓarnar muhalli abin yabo ne, kuma ɓacewar dajin gaskiya ce. Ƙurar furanni da John Flenley ya tono daga tafkunan tsibirin ta tabbatar da cewa dā akwai kurmin wani itace dangin giginya. Diamond ya kuma yi adalcin ambaton cewa tsibirin mai rauni ne tun asali, ga ƙarancin ruwan sama, ga sanyin da ke hana itace saurin girma. Amma tsarin babin na wa'azi ne, shi kuwa wa'azi yana bukatar mai laifi.

Binciken da ya biyo baya ya raunana kusan kowane mataki na labarin. Terry Hunt da Carl Lipo sun haƙa a Anakena, a 2006 suka nuna cewa zama ya fara ne wajen 1200. Sun kuma jawo hankali ga ɓeran Polinesiya da ya zo cikin jirage, wanda ba shi da mai cinsa a tsibirin, kuma ana samun sawun haƙoransa a ƙwallayen itacen da aka tono, abin da ke nuna cewa ko an bar gatari, dajin ba zai iya sabunta kansa yadda ya kamata ba. Baƙin dutse mai kaifi da ake kira mata'a, wanda aka ɗauka kan mashi ne, da aka auna ɗaruruwansa sai aka ga ba shi da tsinin makami, ya fi kama da kayan yanka da kankara. Duwatsun da ke warwatse a gonaki kuwa dabarar noma ce: ana shimfiɗa su don riƙe laima da kare shuka daga iska da ƙara wa ƙasa taki. Nan ma sai a sake duba labarin Hanau Eepe, domin umarnin a kwashe duwatsu a zuba a teku umarni ne na kashe gona, ƙin bin sa kuma yana da dalilin da manomin wurin zai gane nan take.

Batun tunkuɗe moai shi ya fi tona rauni. Roggeveen ya same su a tsaye a 1722, mutane na hura wuta a gabansu suna girmama su. Mutanen Cook ne suka fara ba da labarin waɗanda suka faɗi a 1774, a 1838 ma wani jirgin Faransa ya hango waɗansu a tsaye. Rushewar ke nan ta faru ne a zamanin zuwan Turawa. Binciken 2024 da aka ambata, wanda ya duba ƙasusuwan mutum 15 da ke ajiye a wani gidan tarihi na Paris, bai ga alamar raguwar jama'a a ƙarni na 17 ba. Abin da ya gani shi ne ƙaramar al'umma mai ƙaruwa sannu a hankali har zuwa shekarun 1860.

Diamond ya ambaci harin 1862, amma a gurguje, kamar ƙarashen abin da ya riga ya lalace. Nan ne laifin babin ya fi nauyi. Halakar da take da shekara da sunayen jirage da adadin mutane an ba ta 'yan layuka, wadda kuma madogararta zato ne da labarun da aka tara daga bakin waɗanda suka tsira an ba ta shafuka. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

7.0 Abin da Tarihihin Ya Riƙe

Kada a fahimci wannan sharhi da cewa labarun Rapa Nui ba su da amfani ga mai neman tarihi. Labarin Hotu Matu'a ya dace da abin da aka sani na yadda 'yan Polinesiya suke ƙaura: a aika 'yan leƙe, a biyo da manyan jirage, a ɗauko iri da dabbobi. Anakena da labarin ya ambata, nan ne aka sami mafi tsufan alamun zama. Sunayen wurare da ke cikin mafarkin Hau Maka kuwa taswira ce ta baka, wadda ke tsare iyakokin dangogi. Da tsofaffin tsibirin suka koyi boko, sun rubuta wannan labari da harshensu a farkon ƙarni na 20, masanin nan Thomas Barthel ya yi nazarin rubutun, kuma abin da suka fi ba muhimmanci a ciki shi ne sunayen wurare da na shuke-shuke da rabon ƙasa.

Abin lura shi ne, labarin da aka fi yi wa dariya shi ya fi kusa da gaskiya. A 1986 injiniya Pavel Pavel, tare da Heyerdahl kansa, ya gwada motsa moai a tsaye da igiyoyi. Daga baya Hunt da Lipo suka lura cewa moai da suka faɗi a kan hanya suna da faɗin gindi da ranƙwafawa gaba, suka sa aka yi kwaikwayon ɗaya mai nauyin fiye da tan 4, mutum 18 da igiya uku suka riƙa karkata shi dama da hagu yana takawa. Wannan bai rufe gardama ba, domin akwai masanan da ke ganin a kwance aka ja su. Amma ya nuna cewa maganar tsofaffi ta cancanci a saurare ta tun farko. Haka kuma a 1978 Sergio Rapu, masani ɗan tsibirin, ya gano idon moai na farin murjani a Anakena, abin da ya fayyace dalilin da ya sa ake kiransu rayayyun fuskokin kakanni.

8.0 Kammalawa

Heyerdahl da Diamond sun saɓa a kan kusan kome, amma hanyarsu ɗaya ce. Kowannensu ya zo da labarin da yake son bayarwa, ya ɗauki tarihihi a matsayin rahoto inda ya dace da shi, ya mai da shi camfi inda ya saɓa masa, bai kuwa tsaya ya auna halin da masu ruwaya suke ciki ba. Na farko ya raba mutanen Rapa Nui da aikin kakanninsu, na biyu ya aza musu alhakin mutuwarsu.

Ƙa'idar da ke fitowa daga nan ta shafi duk mai nazarin adabin baka: a san mai ruwaya da zamaninsa, a jera ruwayoyi duka kafin a zaɓa, a koma ga harshen asali kafin a dogara da fassara, a kuma tambayi aikin da labarin yake yi wa masu shi. Ƙidayar 2017 ta sami mutum 7,750 a tsibirin, a shekarar ce kuma aka miƙa kula da wuraren tarihinsa ga ƙungiyar 'yan ƙasa ta Ma'u Henua. Jikokin mutum 111 ɗin nan suna da masanansu a yau, kuma duk littafin da za a sake rubutawa a kan Rapa Nui, da su za a fara auna shi. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi.